Ɓera da Daddawa: Amana a Tsarin Wasiƙun Imel

Gabatarwa

Duk wasiƙar imel da ta taɓa shiga akwatin mai karatu ta biyo hanyar da aka shimfiɗa fiye da shekara 40 da suka wuce, kuma waɗanda suka shimfiɗa ta ba su sa mata mai gadi ba. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa, wadda ake kira SMTP, a asalinta ba ta neman mai aikawa ya kawo shaidar ko shi wane ne. Sunan da ya faɗa shi ake rubutawa. Ta wannan kafa ce wasiƙun talla marasa kan gado da na damfara suka malale duniya. Abin da wannan maƙala ke son bin diddiginsa shi ne: wanda ya yi gini a kan amana, wasu suka zo suka ci amanar, shin yana da kaso a cikin laifin? Idan kuma aka tashi gyara, a kan wa nauyin gyaran ke faɗawa? Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Za mu auna mu gani ko wannan hukunci ya hau kan shari'ar da ke gabanmu.

Yadda Wasiƙa ke Tafiya

A shekarar 1971 Ray Tomlinson, injiniya a kamfanin BBN da ke Amurka, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta hanyar sadarwar ARPANET, ya kuma zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. A watan Agusta na 1982 Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da takardar RFC 821, wadda ta tsara yadda kwamfutoci biyu za su yi magana idan ɗaya na ɗauke da wasiƙa.

Maganar tasu ba ta da tsawo. Mai kawo wasiƙa takan ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 25, ta yi sallama da kalmar HELO, ta faɗi sunanta. Daga nan sai ta ce MAIL FROM, ta ambaci mai aikawa, ta ce RCPT TO, ta ambaci wanda aka aika wa, sannan ta ce DATA ta zuba abin da ke cikin wasiƙar, ta rufe da ɗigo guda a layi shi kaɗai. Mai karɓa kuwa da lambobi take amsawa: 250 na nufin an karɓa, 550 na nufin an ƙi, galibi don babu mai wannan akwati. In ba a tarar da mai karɓa ba, sai a riƙe wasiƙar a riƙa komawa har 'yan kwanaki kafin a mayar wa mai ita. A zamanin farko ma, kusan kowace kwamfutar da ke wannan aiki takan karɓi wasiƙar baƙon da ba ta sani ba ta miƙa ta gaba, kamar yadda ake ba direba saƙo a tasha ya kai wani gari.

Kowane zango da wasiƙar ta yada yakan buga hatiminsa a samanta, ya ce daga wane na karɓa, a lokaci kaza. Ɗalibin ilimi zai ga kamannin isnadi a nan. Sai dai isnadi ne da ba a binciki adalcin masu ruwayarsa ba, domin maƙaryaci na iya ƙirƙiro layukan farko da hannunsa. Postel kansa yana da wata ƙa'ida da aka san shi da ita, wadda ma'anarta ita ce ka tsananta wa kanka a kan abin da kake fitarwa, ka sassauta wa wasu a kan abin da kake karɓa. Nasiha ce ga masu rubuta manhaja, amma duk wanda ya ji ta zai ji ƙanshin tarbiyya a cikinta.

Hujjar Masu Zargi

Masu ɗora wa maginan laifi suna da abin riƙewa. Ba za a ce matsalar ta zo musu ba-zata ba, tun da Postel ya rubuta wata 'yar takarda, RFC 706, a kan matsalar wasiƙun shara tun a 1975. A watan Mayu na 1978 kuma Gary Thuerk, ɗan kasuwancin kamfanin kwamfuta na DEC, ya aika wa mutane kusan 400 tallar sababbin na'urori ba tare da sun nema ba. Ke nan shekara huɗu kafin a rubuta SMTP an riga an ga abin da ka iya faruwa. Bugu da ƙari, wasiƙar takarda tana da birki, wato kan sarki: mai son aika dubu sai ya sayi dubu. Imel ba shi da wannan birki. Wanda ya watsa wasiƙa miliyan kusan ba abin da ya kashe, don haka ko mutum ɗaya ya faɗa tarkonsa ya ci riba. Masu zargi suka ce rigakafi ya fi magani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hujjar Masu Kariya

Amma adalci ga mutum shi ne a auna shi da ma'aunin zamaninsa. Masu amfani da ARPANET 'yan ƙalilan ne, malaman jami'a da ɗalibansu da masu bincike a ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Amurka. Kowa yana da shugaban da za a kai ƙararsa, kowa yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Da Thuerk ya yi abin da ya yi, jama'a sun yi masa ca, masu kula da hanyar kuma suka ja kunnen kamfaninsa. Ashe akwai mai gadi a ƙofar, kunya ce mai gadin, kuma ba a rubuta ta a cikin ƙa'idar ba saboda ana ganin ba inda za ta je. Da intanet ta buɗe wa duniya a shekarun 1990, ƙa'idar ta bi waya ta isa ko'ina, kunyar kuwa ta tsaya a inda mutane suka san juna.

Akwai kuma alherin da sauƙin ya haifar. A 1984 hukumomin sadarwa na duniya sun fito da nasu tsarin wasiƙu mai suna X.400, mai sharuɗɗa da yawa, amma SMTP ce ta yi rinjaye domin kowa na iya kafa ta. Har yau babu kamfanin da ya mallaki imel. Mai akwati a Gmail yana rubuta wa mai akwati a Yahoo ba tare da neman izinin kowa ba, alhali mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram saƙo kai tsaye. Warin nan na daddawa da ya jawo ɓera, shi ne dai abin da ya sa ake sa ta a miya.

A ganina, laifin sata na ɓera ne, kuma bai kamata a raba masa shi da kowa ba. Duk da haka tsakanin amana da sakaci akwai iyaka, iyakar kuwa ita ce sani. Wanda ya bar ƙofa a buɗe a unguwar da kowa ya san kowa, kyautata zato ya yi. Magajinsa da ya ga unguwa ta zama kasuwa, ya ga an yi sata sau da yawa, ya ci gaba da barin ta haka, shi ne mai sakaci. Saboda haka nauyin ya tashi daga wuyan maginan farko ya koma wuyan waɗanda suka gaji ginin.

Wa ke Ɗaukar Nauyin Gyara?

Magadan sun yi ƙoƙari. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara tara sunayen na'urorin da ke watsa shara domin a riƙa ƙin wasiƙunsu, aka kuma daina karɓar saƙon baƙo a miƙa gaba. Sai tsarin SPF a 2006, wanda mai adireshi ke sanar da duniya na'urorin da ya yarda su yi aike da sunansa. Sai DKIM a 2007, wanda ke sa hannun sirri a kan wasiƙa. Sai DMARC a 2012, wanda ke faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta kasa cika sharaɗi. Daga watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan a kan masu aika wasiƙu da yawa.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na farko, waɗannan hatimai suna tabbatar da gidan da wasiƙa ta fito ne kurum. Ɗan damfara na iya sayen adireshi nasa, ya sa hannu yadda ya kamata, ya zuba ƙarya a ciki. Na biyu, wanda ya fi jin nauyin tuhuma shi ne baƙo mai gaskiya. Ƙaramar makaranta ko ƙungiya da ta kafa na'urar wasiƙunta za ta iya cika kowane sharaɗi, amma wasiƙunta su riƙa faɗawa kwandon shara don kawai ba a san ta ba. Mu 'yan Nijeriya mun san ɗacin wannan. Sashe na 419 na dokar manyan laifuka ya zama laƙabin wani nau'in damfara a bakin duniya, kuma kafa hukumar EFCC a 2003 bai wanke sunan nan take ba. Ɗalibin da ya zauna a Zariya ko Sakkwato ya rubuta wa wani shehin malami a ƙetare yana neman gurbin karatu, yana shiga da tuhumar da bai ji ba bai gani ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ɗan damfara ya saci kuɗin mutum ɗaya, ya kuma saci yardar da za a yi wa dubban da bai taɓa gani ba, kuma wannan sata ta biyu babu kotun da ke mayar da ita.

Kakanninmu fatake sun fuskanci irin wannan matsala: yaya za a yi ciniki da wanda ba a sani ba? Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ta hannun maigida, wanda ke saukar da baƙon falke, ya san mahautan gari, ya tsaya tsakani da sunansa da dukiyarsa. Ba a korar baƙo, ba a kuma sakar masa komai ido rufe. Manyan kamfanonin imel a yau su ne masu gidan, sai dai 'yan kaɗan ne, ba su san baƙonsu ba, kuma wanda na'urarsu ta yanke wa hukunci da wuya ya sami mutumin da zai kai wa kuka.

Kammalawa

Daddawa ba ta yi laifi ba da ta yi wari, amma mai ɗaki da ya san akwai ɓera wajibi ne ya rufe tukunya. Abin da ya rage shi ne irin murfin. Bincike halal ne, har ma dole ne, muddin ya bar wa baƙo hanyar da zai bi ya tabbatar da gaskiyarsa, kuma wanda aka tuhuma bisa kuskure yana da inda zai ɗaukaka ƙara. Wannan haƙƙi ne a kan masu riƙe da manyan akwatunan duniya. A kan kowannenmu kuma akwai rabin farko na ƙa'idar Postel, wato tsanantawa a kan abin da muke fitarwa, domin kowace wasiƙar gaskiya da ta tashi daga ƙasar nan tana rage wa ɗalibin da zai rubuta gobe wani abu daga tuhumar da ya gada.