Ko Biyayya Tana Da Iyaka?

In na gaba ya umurce ka da abin da ka tabbata a ranka zalunci ne, ƙaƙa za ka yi? In ka bi, da hannunka aka yi zaluncin. In ka ƙi, ka buɗe wa kowane mai taurin kai ƙofa. To, ga labarin wata tsohuwa da wannan al'amari ya auka wa.

Sunanta Hildigad, Bajamushiya ce, an haife ta a 1098. Tun tana yarinya iyayenta suka ba da ita ga zaman zuhudu, irin na matan Katolika masu barin aure da dukiya, su ɗauki alkawarin biyayya har mutuwa. Ta ce tun ƙuruciya ta kan ga wani haske wanda ba na rana ba, a 1141 kuwa aka umurce ta daga cikinsa ta rubuta abin da ta ke gani. Ta rubuta, ta tsara waƙoƙin ibada fiye da 70, ta kafa gidan zuhudu kusa da Bingen, bakin kogin Rayin.

A 1178, tana da shekara 80, aka binne wani mutum a maƙabartar gidan. Manyan limaman birnin Mayinz suka aiko a tone shi, wai ya mutu korarre daga jama'ar addini. Ita kuwa ta san ya tuba gaban limami kafin ya cika. Ta ƙi. An ce ma ta shafe alamar kabarin don kada a gane shi. Sai suka hana gidan Jibin Ubangiji, suka hana rera waƙa.

Abin lura shi ne, wannan hukunci ta bi shi. Macen da waƙa ta zama mata tamkar numfashi ta yi shiru, addu'a ma sai a hankali. Watau ta rarrabe umurni biyu: wanda zai sa ta cuci mamacin da ba shi da bakin kāre kansa, ta ƙi, wanda wahalarsa a kanta za ta sauka, ta ɗauka, sa'an nan ta kai kuka bisa hanya. Ta rubuta wa limaman takarda tana gargaɗinsu cewa mai hana yabon Allah ba bisa hujja ba zai rasa rabonsa cikin yabon mala'iku.

Ni dai na ga mai girman kai ba ya iya haka, gama shi umurnin da horon duka ya ke ƙi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wahalar ba kanta kaɗai ta sauka ba. Matan da ke ƙarƙashinta su ma an hana su, su kuwa nasu alkawarin biyayyar gare ta ya ke.

Shaidu suka tabbatar da tuban mutumin, aka ɗage hukuncin cikin Maris 1179. Ta rasu ran 17 ga Satumba na shekaran nan, kabarin kuwa ba a tone shi ba. A 2012 Paparoma ya tabbatar da ita cikin tsarkaka.