Buhun dawar maƙwabci



Ina da wani ɗan uwa da muka yi karatu tare a Sudan, Bahaushen can ne, kakanninsa mahajjatan ƙafa ne da suka yada zango suka zauna. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Burhan da dakarun RSF na Hamidati ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, unguwarsu a Umdurman ta watse. Shi bai tafi ba, don mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta iya doguwar tafiya. Maƙwabcinsa ya ba shi makullin gida amana, ya kwashe iyali zuwa Wad Madani. A Disamba 2023 garin ya faɗa hannun RSF, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyar mutumin ba.

A Fabrairu 2024 aka katse layukan waya da intanet. Mutane da manhajar Bankak suke cefane, da ita kuma 'yan uwa na waje suke turo kuɗin takiyya, wato girkin sadaka na unguwa da kowa ke zuwa da kwanonsa. Layi na ɗaukewa, tukunya ta sauka. Da kyar ya samu wurin masu Starlink, ya biya, ya turo min saƙon murya: "Malam, akwai buhun dawa a ɗakin ajiyar maƙwabcina, yarana kwana biyu sai ruwa. In buɗe?"

Na yi saurin amsawa, na ce larura ce, buɗe. Har na kawo masa cewa Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwar da ake kira Amur Ramada. Sai ya ce min abin da ya sa na yi shiru. Ya ce a kasuwannin da mutane suka laƙaba wa sunan Dagalo, inda ake baje kayan da aka wawashe daga gidaje, firji ne, katifa ce, fanka ce, duk wanda ka tambaya shi ma larura zai ce maka. "To ni meye bambancina da su?"

Wallahi 'yan uwa, mu da muke ba da fatawa da ciki cike, wannan tambayar ta fi ƙarfin amsar minti biyu. Na kwana ina juya ta.

Abin da na gani shi ne, larura tana da ma'auni, ma'aunin kuwa cikin yaro ne. Ciki yana cika, a rufe ɗaki a mayar da makulli. Wanda ya ɗauki firji a garin da babu wuta ba yunwa ce ta aike shi ba. Sannan mai wawaso yana ɗauka ne a kan mai kayan ya zama tarihi, shi kuwa wannan bawan Allah yana ɗauka yana jiran ranar da za su haɗa ido. Malamai sun yi saɓani kan ko wanda yunwa ta tilasta wa cin abincin wani zai biya daga baya. Ni na karkata ga biya, tunda amana aka ba shi. Na ce ya kira mutum biyu su shaida, ya auna, ya rubuta.

Inda na fi shan wuya shi ne da ya ce yaran gidan da ke kallonsu su ma haka suke. Ko yana da ikon yin kyauta da dukiyar da ba tasa ba? Ikon kyauta dai ba shi da shi. Amma barin rai ya salwanta alhali abinci na bayan ƙofa, wannan ban san malamin da zai sa masa hannu ba. Na ce ya ba su, amma bashin ya hau wuyansa shi, kada ya lissafa shi sadaka.

Haka ya yi. A bayan littafin makarantar ɗansa ya riƙa rubuta mudu nawa, ranar kaza, gidan wa. Buhun ya ƙare cikin kwana goma sha ɗaya. Da layi ya dawo, lambar maƙwabcin ya fara kira, har yau ba ta shiga. Duk Juma'a bayan ya sauko daga masallaci sai ya sake gwadawa.