Ruwan Wasa da Ruwan Sha

A ƙasar Indiya mabiya addinin Hindu suna da wani babban biki da suke yi sau ɗaya a shekara, sunansa Holi. Wanda ya taɓa kallon finafinan Indiya, irin su Mother India na 1957 ko Sholay na 1975, ya ga kamanninsa: jama'a sun cika fili, kowa ya rine da ja da kore da rawaya, ana kiɗa ana watsa wa juna launi. Ana yin sa lokacin da wata ya cika a watansu mai suna Falguna, wanda galibi yakan faɗo cikin Maris.

Daren jajibere sukan tara itace a dandali su hura babbar wuta. Dalilin wutar kuwa, a cikin labarinsu an ce an yi wani azzalumin sarki wanda ya tilasta wa mutane su bauta masa, amma ɗansa Farahalada ya ƙi. Sarkin yana da 'yar'uwa, Holika, wadda aka ce wuta ba ta cin ta. Sai ta rungumi yaron ta shiga wuta da shi don ya hallaka. Wuta ta cinye ta, yaro ya fito lafiya. Wayewar gari sai wasa. Akwai garin launi da suke kira gulal, wanda ake shafa wa mutum a fuska. Akwai kuma wani bututu mai kama da famfon keke, wanda ake zuƙo rinannen ruwa da shi a fesa wa duk wanda ya gifta. A wannan yini yaro yakan shafa wa dattijo, bara ya shafa wa ubangidansa, ba mai ikon yin fushi.

To, ga inda wahala take. Damina a yawancin Indiya daga Yuni take zuwa Satumba. Ke nan Holi yana zuwa ne wajen wata shida bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da bazara ta kunno kai, saura kamar wata uku a ga hadari. In daminar bara ta yi kyau ba a jin komai. In kuwa ta gaza, sai biki ya tarar da rijiyoyi sun ja baya, tafkuna sun tsage.

Haka ya faru a jihar Maharashtara. Damina ta gaza a 1972, ta kuma gaza a 2012, sa'an nan ta gaza shekara biyu a jere, 2014 da 2015. Garin Latur, mai mutum wajen 400,000, madatsar da ke ba shi ruwa ta ƙafe. A watan Maris na 2016 sai da hukuma ta hana mutum fiye da biyar taruwa a bakin wuraren ɗiban ruwa, don gudun faɗa. A cikin wannan hali Holi ya zo, ran 24 ga watan, gwamnatin jihar kuwa ta ce ba za a ba da ruwan tanki don wasa ba. Ran 12 ga Afrilu jirgin ƙasa ya iso Latur daga Miraj, tafiyar mil 200 da ɗoriya, ba ya ɗauke da kome sai ruwa: tarago 10, lita 500,000, watau fiye da garwa 27,000. Mai karatu ya raba wannan ga mutanen garin, zai ga kowa lita ɗaya da 'yan kai ya samu. Daga baya aka ƙara tarago suka zama 50, jirgin ya yi ta zirga-zirga har cikin watan Agusta. A 2024 kuma abin ya faɗa wa birnin Bangalor, inda kusan rabin rijiyoyin burtsatse suka bushe. Hukumar ruwa ta sa tarar rupi 5,000 ga wanda ya wanke mota da ruwan sha, ta kuma hana a yi shagalin Holi na haya da ruwan kogin Kaberi ko na burtsatse.

Tambayar ita ce, shin daidai ne mutum ya yi wasa da ruwan da ya saya da kuɗinsa, a ranar bikin addininsa, alhali kuwa maƙwabcinsa yana bin layi da tulu?

Masu cewa a bar biki yadda aka gada ba mahaukata ba ne, hujjarsu tana da nauyi. Sun ce yini ɗaya ne tak cikin shekara, shi ma daga safe zuwa azahar. Sun ce fesa ruwa ba baƙon abu ba ne, gama zane-zanen da aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce suna nuna Kirishna, wanda suke bauta wa, riƙe da bututun feshi. Babbar hujjarsu kuwa ita ce an bar jaki ana dukan taiki. A Maharashtara gonakin rake ba su wuce kamar kashi 4 cikin 100 na ƙasar noma ba, amma suna shanye fiye da rabin ruwan da ake ban-ruwa da shi, kuma a yankin Latur ɗin nan kansa akwai masana'antun sukari da dama. Ga filayen wasan kurket da ake shayarwa don ciyawa ta yi kore, ga tafkunan wanka na manyan otal-otal. Me ya sa, in ji su, ba a tuna da tattalin ruwa sai ranar da talaka zai yi murna?

Lalle wannan ƙorafi gaskiya ne, ba kuwa daidai ba ne a share shi. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. Hukumar da ta hana yaro bokiti guda, ta bar mai rake yana jan ruwa da inji dare da rana, ba ta yi adalci ba, kuma jama'a ba za su ji maganarta ba. Alƙalan babbar kotun Bombai sun lura da haka a 2016. Masu ƙara suka ce filayen kurket za su sha lita miliyan 6, kotu kuwa ta yanke cewa duk wasannin babbar gasar da za a yi bayan 30 ga Afrilu a fitar da su daga jihar. Wannan ya yi kyau. Amma fa rake yana nan a gona, don masu shi suna da ƙarfi.

Duk da haka, laifin mai rake ba ya wanke mai ɓarna. Abin lura shi ne, ba duk ruwan Holi ne iri ɗaya ba. Yaro da bututunsa bokiti guda ya ishe shi har ya gaji. Abin da ya shigo daga baya shi ne abin da masu kuɗin birni suke kira rawar ruwan sama: a yi hayar fili, a karɓi kuɗin shiga, a kira motocin tanki, a kafa bututu sama yana zubo ruwa kamar damina, mutane suna rawa a ƙarƙashi sa'o'i da yawa. Motar tanki guda takan ɗauki kamar lita 10,000. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa mutum yana bukatar wajen lita 20 a yini, garwa guda da kaɗan, don sha da girki da ɗan tsabta. Ashe tanki guda ruwan mutum 500 ne na yini guda. Kuma motar da ta tafi wurin rawa, ita ce wadda ba ta je unguwar matalauta ba a ran nan. Da masu kuɗi suka yi rububin haya, sai farashi ya tashi ga kowa. Don haka maganar "da kuɗina na saya" ba ta tsaya ba. Ruwa a shekarar fari ba kamar atamfa yake ba, wadda in wani ya saya masaƙa za ta ƙaro. Abin da ke cikin ƙasa ƙayyadadde ne har sai Yuni.

Akwai kuma magana wadda ta fi lissafi zurfi, tana cikin bikin kansa. An ce Kirishna baƙi ne, yana yaro ya yi wa uwarsa kukan cewa Rada, abar ƙaunarsa, fara ce. Uwar ta ce masa ya je ya shafa mata launin da ya ga dama a fuska. Daga nan wasan launi ya samo asali a wurinsu. Ma'anar kuwa a fili take: in kowa ya rine, ba a gane fari da baƙi, ba a gane attajiri da matsiyaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka raba mutane aji-aji tun daga haihuwa, har ana hana na ƙasa taɓa rijiyar na sama. A wannan jiha ta Maharashtara ne, a garin Mahad, cikin Maris na 1927, Dokta Ambedkar ya ja dubban mutanen da ake ƙyama suka je tafkin gari suka sha ruwa a bainar jama'a, don a san su ma mutane ne. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama. To, bikin da aka gina don shafe bambanci na yini guda, in aka yi shi da tanki a bayan katanga, mata suna layi da tuluna a waje, ya koma tallar bambancin da ya zo shafewa. Mai yin haka ba riƙon al'ada yake yi ba, ko da ya rantse.

Masu karatu da suka san taimama ba za su sha wuyar gane wannan ba. In ruwa ya ɓace ba a barin salla, hanyar tsarki ce take sakewa. Holi ba salla ba ne, addinin ma daban, amma hankalin da ya raba abin da ake nufi da abin da ake yin sa da shi, hankali ne na 'yan Adam duka.

Hindu kuwa ba sai sun yi aro ba, suna da hanyoyin a gida. Akwai wasa da busasshen gari kaɗai. Akwai ɗiga wa mutum launi a goshi a rungume shi, wanda dattawa suka fi so. A Birindaban, garin da ake danganta wa ƙuruciyar Kirishna, akwai ranar da furanni ake watsa wa jama'a a ɗakin bauta. Wuta da waƙa da ziyara da kayan zaƙi, ba ɗaya da ke bukatar tanki.

Sai dai busasshen gari ma yana da nasa ruwan a ɓoye, wanda masu wa'azin tattali sukan manta. Da can launin daga itatuwa ake samun sa: furen wata bishiya mai suna falash, da kurkum, da ganyen darbejiya. Waɗannan da an ɗauraye sun fita. Yanzu kasuwa ta cika da rini na masana'anta mai arha, wanda yake kama fata da gashi, sai an yi wanka biyu ko uku, wani ma yana sa ƙaiƙayi da ciwon ido. Saboda haka mutum yana iya yin alfahari bai fesa ko ɗigo ba da safe, da yamma ya ƙarar da garwa huɗu a banɗaki. Iyaye mata masu dabara sukan shafe yara da man kwakwa kafin su fita, su sa musu tsofaffin tufafi, su ware wuri guda a tsakar gida don wasa, saboda kada a wanke gida duka. Su ne suka fi kowa sanin lissafin, gama bayan an watse akwai wanki da wanke daɓe da wankan yara, kuma a garuruwa irin Latur galibi mata da 'yan mata ne za su ɗauki tulu su koma layi tun da asuba.