Gero da Dawa a Gona Ɗaya

'Yan'uwa, a kowane aji na firamare, daga Rawayya zuwa Bunguɗu, daga Tsafe zuwa Gusau, akwai yaron da yakan zauna a bencin baya yana kallon allo shiru. Ya kai aji huɗu, amma har yanzu haɗa baƙi da wasali yana gagararsa. Mun riga mun raɗa masa suna, mukan ce daƙiƙi ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce: malamin da ajinsa ya cika maƙil, adalci ne ya tsaya domin wannan yaro ɗaya, sauran suna jira? Ko kuwa adalci shi ne ya wuce da masu sauri?

Masu cewa a wuce suna da hujjarsu. Lokacin malami kaɗan ne, manhaja kuwa doguwa ce, jarrabawa ba ta jiran kowa. In an raba lokacin daidai wa daida, in ji su, ba a zalunci kowa ba. Wasu ma sukan ce a kai irin waɗannan yara makaranta ta dabam, kowa ya huta.

Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu bincika abin da ke riƙe da yaron. Sau da yawa kunnensa ne ya yi nauyi bayan sanƙarau ko ƙyanda, ko idonsa ba ya hangen allo, ko kuwa ya zo da yunwa. A shekarar 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, gubar nan kuwa takan bar rauni a ƙwaƙwalwar wanda ya tsira. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, an rufe makarantun Zamfara baki ɗaya. Yaron da iyayensa suka gudo daga ƙauye, ya yi watanni bai riƙe fensir ba, ba shi ya zaɓi jinkirinsa ba. Idan muka kira shi daƙiƙi, mun ɗora masa laifin cuta da yunwa da tashin hankali.

Manomin ƙasarmu ya san amsar tambayar nan. Yakan shuka gero da dawa a gona ɗaya. Gero ya nuna da wuri a girbe shi, dawa kuwa sai kaka ta yi sosai. Ba mu taɓa jin wanda ya tumɓuke dawarsa domin ta makara ba. Haka uwa ba ta auna wa ɗanta mai ciwo kulawa da mudun da ta auna wa masu lafiya, kuma ba wanda ya ce ta yi son kai. Ashe adalci shi ne a ba kowa gwargwadon bukatarsa, gama darajar yaro tana tare da shi tun haihuwa, ba sakamakon jarrabawa ke ba shi ita ba.

Duniya ma ta kai ga wannan ra'ayi. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro, ta daidaita koyarwarta da halinsa. A nan gida, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Dokar ba ta ce mai kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

To, yaya malami ɗaya zai yi? Dubarar ba baƙuwa ba ce a gare mu. A makarantar allo kowane almajiri yana kan nasa darasi, ba ya wanke allonsa sai ya iya, manyan ɗalibai kuma suna biya wa ƙanana. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta bi hanya mai kama da wannan: a gwada yara, a raba su rukuni-rukuni bisa ga abin da suka iya, a keɓe musu ɗan lokaci kowace rana, a fara daga inda kowa ya tsaya. Binciken Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, ya nuna cewa yaran da ke baya sun fi kowa cin moriyarta. Mai sauri kuma ba ya hasara, domin wanda ya biya wa ɗan'uwansa karatu, nasa ya ƙara zama.

Saboda haka, malamai, ku dawo da yaron nan bencin gaba. Ku bayyana masa da Hausa, ku ƙirga da tsakuwa da kara, ku ajiye bulala, gama tsoro yakan kulle abin da yake ƙoƙarin buɗewa. Iyaye, mu kai shi asibiti a duba ido da kunne, kada mu cire shi mu ɗora masa talla ko kiwo domin ya faɗi jarrabawa sau ɗaya. Mu kuma daina kiransa da sunan nan, gama abin da yaro ya ji ana kiransa kullum, shi yakan zama.

Allah ya ba malamanmu haƙurin manomi, ya sa mu ga girbin dawa kamar yadda muka ga na gero. Amin.