Natsuwa Kafin Karatu

Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masu neman ilmi, yara da manya: me ya sa mutum kan zauna gaban allo ko littafi tun hantsi har azahar, ya tashi bai riƙe kome ba? Da yawa sukan ce kansu ne ba ya ja, sai su bar karatu. Wannan kuwa zalunci ne mutum ya yi wa kansa.

A ɗauki misalin magidanci a Geza, cikin ƙasar Bagudo. Ya zo aji, amma rabin hankalinsa na wajen bashin taki, rabi na wajen ɗansa da ya ƙetara Benin fatauci. Idonsa na kan baƙaƙe, zuciyarsa na kan hanya. Hausawa kuwa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwan Kwara da damina ya san maganin. In aka zuba shi a randa, ba a motsa shi don ya washe. Ajiye shi ake yi, laka ta kwanta da kanta. Haka zuciya take.

Malaman allo sun daɗe da gane wannan. Almajiri kan yi alwala, ya zauna wuri guda, ya yi bisimilla. Malam ba ya rubuta masa fiye da abin da zai iya ɗauka, ba a kuwa wanke allo sai ya biya. Ana karatu da asuba da dare, a huta Alhamis da Jumma'a. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Shaihu Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa yawan damuwar duniya cikin abubuwan da ke kawo mantuwa. Can Amurka ma, a 1979, wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa majinyata su zauna shiru suna lura da numfashinsu, daga baya abin ya shiga makarantu.

Wani zai ce zama shiru ba ya biyan bashi. Gaskiya ne. Amma tunanin bashi a cikin aji shi ma ba ya biyansa, sai dai ya haɗa wa mutum hasara biyu, ga bashi ga jahilci. Taura biyu ba ta taunuwa.

Saboda haka ya kamata ɗalibi, kafin ya buɗe littafi, ya zauna daidai, ya ja numfashi a hankali kamar sau goma. In tunani ya kwashe shi, kada ya zargi kansa, ya komo da shi sannu, yadda makiyayi ke komo da saniyar da ta ratse. Sa'an nan ya karanta kaɗan, ya maimaita har ya zauna. Natsuwa ba gado ba ce, koyonta ake yi kamar yadda ake koyon baƙi da wasali. Allah ya sa mu dace.