Kada Ka Ɓoye Zaren da Ya Tsinke

Ya ɗan'uwana, kai da ka shiga hanyar Yesu Kristi kwanan nan, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana tambaya, ina so in yi maka magana a kan aikin da ka ke ci da shi. Gama da yawa suna tsammani gaskiya abin ranar Lahadi ce kaɗai.

A ƙasar Japan an yi wani mutum, Sakichi Toyoda, maƙerin injin saƙa. A shekara ta 1924 ya gama wani inji wanda ya kan tsaya da kansa kadan zare ɗaya ya tsinke. Wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san dalili: in aka ci gaba da saƙa bisa tsinkakken zare, dukan turmin ya ɓaci, ba kuwa za a gane ba sai a kasuwa. Ɗansa ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937, sa'an nan bayan yaƙin duniya na biyu wani shugaban aiki, Taiichi Ohno, ya ɗora wannan dabara a kan mutane. Aka rataya igiya bisa kan ma'aikata. Ko mafi ƙanƙanta a cikinsu, in ya ga aibi, sai ya ja ta. Shugabansa ya zo da sauri, in abin bai gyaru nan take ba, aikin ya tsaya. Ohno kuwa ya koya musu su tambayi "don me?" har sau 5, kowace amsa ta haifi tambaya, har a kai ga saiwar ɓarnar.

Mutanen nan domin riba suka yi haka, ba domin Bishara ba. Amma ashe ba abin kunya ba ne su fi mu saurin bayyana kuskure? Ka tuna da Adamu. Sa'an da ya yi laifi sai ya ɓuya cikin itatuwa, da aka tambaye shi kuma ya tura wa matatasa. Har yau haka mu ke yi a wurin aiki: magini ya shafe tsaguwa da laka, akawu ya gyara lissafi a ɓoye, kowa yana addu'a kada abin ya fashe a hannunsa. Kai fa, in ka karya wani abu, ko ka auna ba daidai ba, tashi ka faɗa tun da sauran dama. Za ka sha faɗa, watakila a yanke maka kuɗi, ban ɓoye maka wannan ba.

In kuwa Allah ya sa ka bisa waɗansu, kayanka ya fi nauyi. Yaron da ya kawo maka labarin ɓarna, ka zage shi gaban jama'a, to, kai ne ka koya masa ƙarya, gobe ba za ka ji kome ba. Kafin ka tambayi wanda ya yi, tambayi abin da ya sa. Ko kayan aikin ya dakushe? Ko ba wanda ya nuna masa? Ko kai ne ka gaggauta shi? Ranar da za ka rubuta shaida a kan aikinsa na shekara, kada ka rubuta daga kujera bisa ga jita-jita. Ka tafi inda ya ke aiki, ka tsaya ka duba da idonka, ka kuma rubuta sau nawa ya zo maka da kansa ya ce zare ya tsinke.