Shin Mai Kwaikwayon Gwani Yana Zama Gwani?

Kwaikwayon aikin gwanaye tsohuwar hanya ce ta koyon zanen fenti. Mai koyo yakan kafa ƙyallensa a gaban aikin wanda ya riga shi, ya bi shi layi bayan layi, launi bayan launi, har ya fitar da mai kama da shi. Tambayar da ta daɗe tana bin wannan al'ada ita ce ko wanda ya kwashe shekaru yana maimaita abin da wani ya ƙirƙira fasaha yake koya, ko kuwa tasa yake binnewa.

Sukar ta samo tushe tun daga Aflaton. A kashi na goma na littafinsa Jamhuriya ya buga misali da gadon kwana: akwai ainihinsa wanda hankali kaɗai ke riska, akwai wanda kafinta ya ƙera yana kwaikwayon wancan, sannan akwai na mai zane, wanda ya kwaikwayi na kafinta. A wannan ma'auni, mai kwafin zane ya ƙara wa kansa nisa da gaskiya. Leonardo da Vinci ma ya gargaɗi masu zane cewa mai bin salon wani yakan zama jikan halitta maimakon ɗanta. Aristotal bai ga laifin abin ba. A wurinsa kwaikwayo ɗabi'a ce da ɗan Adam ke tasowa da ita, kuma da ita yake ɗaukar darussansa na farko.

Masu sana'ar ba su jira masu falsafa sun daidaita ba. A ƙasar Sin, wajen ƙarni na 6, Xie He ya jera ƙa'idoji shida na zane, ta shida kuwa ita ce isar da aikin magabata ta hanyar kwafi. Albarkacin haka ne shahararren rubutun hannun da Wang Xizhi ya yi a shekarar 353 ya iso zamanin nan, domin na asalin ya ɓace. A Italiya, wajen 1400, Cennino Cennini ya shawarci mai koyo ya nemi gwani mafi iyawa ya lazimce shi, kada ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan har hannunsa ya rasa alƙibla.

Hujjarsu ita ce akwai ilimin da ido ba ya ɗauka sai hannu ya shiga. Mai kallo yakan ga fuska a tsohon zanen Italiya ya ce launinta jaja-jaja ne. Mai kwafi zai gauraya ja da fari ya shafa, sai ya ga fuskar ta fito ba rai, kamar an yaɓa ƙullu. Sai ya matsa kusa ya lura da wani kore-kore da ke leƙowa a inuwar haɓa da gefen hanci, sannan ya gane cewa koren ƙasa aka fara shimfiɗawa kafin a ɗora launin fata a kai, kamar yadda Cennini ya bayyana. Abin da ya samu a nan jerin shawarwarin gwanin ne: me ya fara sawa, ina ya danna burushi, ina ya bari da gangan. Shi ya sa manya ma ba su raina kwafi ba. Rubens ya riga ya yi suna a Turai lokacin da ya je Madrid a 1628, amma ya zauna yana kwafin zane-zanen Titian da ke fadar sarkin Sifaniya.

Da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Faris a 1793, an ware wa masu zane ranaku na musamman don su shiga su yi kwafi, kuma Degas ya yi rajista a cikin masu kwafin a 1853. Har yau ana ba da wannan izini, da sharaɗin kada girman kwafin ya zo daidai da na asali, kuma kada a kwaikwayi sa hannun gwanin.

Waɗannan sharuɗɗa suna nuna inda iyakar take, kuma shari'ar Han van Meegeren ta ƙara fito da ita. Wannan mutumin Holan bai kwafi zanen Vermeer da ke akwai ba. Sababbi ya ƙirƙira a salonsa, ya gasa su har fentin ya taurare kamar na ƙarni na 17, ya sa musu sunan Vermeer. A 1937 masani Abraham Bredius ya shaida cewa ɗaya daga ciki na gaske ne, wani kuma ya faɗa hannun jigon 'yan Nazi Hermann Göring. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a 1947. Abin mamaki, ta fuskar ƙirƙira ya fi ɗalibin Louvre, amma shi ne mai laifi. Ke nan aibin jabu a ƙaryar jingina aiki ga wanda bai yi shi ba yake, ba a kamanni ba.

Tsoron Leonardo dai bai faɗi ƙasa banza ba, domin da yawa sun ƙare rayuwarsu a inuwar malaminsu. Sai dai hannu biyu ba sa zama ɗaya, kuma inda kwafi ya kauce wa asali, nan ne halin mai yinsa ke bayyana. Van Gogh, yana jinya a Saint-Rémy tsakanin 1889 da 1890, ya kwafi zane-zanen manoma na Millet daga bugaggun hotuna na baƙi da fari, don haka dole launin ya fito daga kansa. Shuɗi da rawayan da ya zuba ba wanda zai ce na Millet ne. Picasso kuma yana da shekara 75 ya koma kan zanen Las Meninas da Velázquez ya yi a 1656. Tsakanin Agusta da Disamban 1957 ya yi ta warware shi yana sake ɗinkewa, ya fitar da jerin zane 58, waɗanda ya bai wa gidan tarihinsa na Barcelona a 1968.